TARIHIN FREEDOM RADIO KANO DA INDA YA SHAFE MU A GADAU

Tun farko ina ba da haƙuri, rubutun yau yana da tsawo. Wanda ke da lakca ya ajiye shi sai dare.

Makon jiya na dawo daga Kano, inda na je neman wasu takardu na binciken digirina na biyu. Tun daga tasha direbanmu ya kunna Freedom Radio ana wani shirin siyasa, kuma kafin mu fita gari motar ta rabu gida biyu, da masu cewa baƙon shirin ya faɗi gaskiya da masu cewa biyansa aka yi. Da muka yi nisa da Wudil sai murya ta fara shaƙewa, tana zuwa tana ɗaukewa. Direba ya yi ta murɗawa, wajen Shuwarin ya kamo tashoshin Dutse, muka ɗan ci gaba da su. Kafin mu shiga Jama'are dai ya haƙura ya sa karatu daga memori.

Wani dattijo da ke gefena ya girgiza kai ya ce, "Rediyon zamani ke nan, ɗana. Mu a lokacinmu Kaduna muke kamawa, ko a tsakiyar daji kake tana tare da kai."

Na ce, "Haka ne, Baba. Amma ita Kadunan ta taɓa jin taku muryar?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wace murya? Sai dai ka aika wasiƙa Zaɓi Sonka, ka yi wata guda kana kasa kunne ko za a ambaci sunanka."

Har na sauka a Azare na hau motar Gadau maganar nan tana yi mini yawo a ka. Dattijon ya yi gaskiya, FM ba ta zuwa nesa. Amma wannan rashin nisan shi ne ya sa ta zama ta mutanen gari, har mai sauraro ya samu bakin magana. A ƙasar Hausa kuwa babu tashar da tarihinta ya fi nuna haka kamar Freedom ta Kano. Bari in kawo tarihin, a ƙarshe kuma in faɗi inda abin ya shafe mu.

ME YA SA FM KE ƊAUKEWA?

'Yan kimiyya ku gyara mini in na yi kure. Gajeren zango, wanda iyayenmu ke kama BBC da shi, igiyarsa tana tashi sama ta bugi wani sashe na sararin samaniya ta dawo ƙasa, shi ya sa take ƙetare ƙasashe da tekuna. Matsakaicin zango ma yana tafiya nesa, musamman da dare. Ita kuwa FM, wadda ke tsakanin 87.5 zuwa 108 a jikin rediyonka, kusan miƙe take tafiya daga eriyar tashar zuwa taka. Da zarar doron ƙasa ya lanƙwasa ko dutse ya shiga tsakani, shi ke nan. Tsawon turken tashar da ƙarfin na'urarta su ne ke yanke iyakar inda za ta kai. Ribar da aka ci ita ce sauti tangaran, babu ƙarar nan ta "shiii" da aka saba da ita. Wani injiniya ɗan Amurka, Edwin Armstrong, shi ya yi rajistar fasahar a 1933.

Ka ga ke nan tashar FM dole ta nemi masu sauraronta a kusa. Masu ba ta talla 'yan kasuwar garin ne. Kwatar da ta toshe ta unguwar masu sauraronta ce, kuma kansilan da za a soka yana iya takowa ofishinta da ƙafa.

KAFIN FM, MAGANA DAGA SAMA TAKE ZUWA

A 1944 Turawan mulkin mallaka suka buɗe tashar rarraba shirye-shirye a Kano. Wannan ba rediyo ba ce irin wadda muka sani. Waya ake ja daga tashar zuwa wani akwatin lasifika, a gidan wanda ya biya ko a wuraren taruwar jama'a. Akwatin ba shi da wajen canza tasha. Abin da aka turo shi za ka ji, in ba ka so ka kashe ko ka tashi.

A 1951 aka kafa sashen watsa labarai na Nijeriya, wanda a 1957 ya zama hukuma mai suna NBC. A lura, wannan tsohuwar NBC ce, daban take da ta yanzu mai ba da lasisi, kuma na ga ɗalibai da yawa suna cakuɗa su a furojet. A shekarar ce kuma, ranar 13 ga Maris 1957, Sashen Hausa na BBC ya fara aiki da shirin minti 15. Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta kafa tata a Kaduna a 1962, wadda aka fi sani da Rediyo Talabijin Kaduna. Daga can aka samu Jakar Magori da Zaɓi Sonka da wasan Samanja, kuma ita ce Kadunan da dattijon motarmu yake kewa.

Kar wani ya ɗauka ina raina wannan zamani. Rediyon Kaduna ta haɗa Bahaushen Azare da na Sakkwato da na Maraɗi a kan kunne ɗaya, ta kuma daidaita Hausar labarai da har yau muke amfani da ita. Sai dai duk tashoshin cikin gida na gwamnati ne, na waje kuma suna London da Kolon da Washington. Gwamnatoci sun san abin da suke riƙe da shi. Ranar 15 ga Janairu 1966, ta Rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa bayan kashe Sardauna. Daga nan kusan duk juyin mulkin da aka yi ko aka gwada, gidan rediyo na cikin wuraren da ake fara kamawa. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1970 soja suka tattara manyan tashoshi ƙarƙashin hukumar rediyon tarayya, FRCN, aka bar wa jihohi nasu ƙanana. Mutum ɗaya mai zaman kansa, komai kuɗinsa, ba shi da ikon mallakar tasha.

1992, AN BUƊE ƘOFA

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ce ta fitar da dokar soja mai lamba 38 ta 1992, wadda ta kafa NBC ta yanzu, ta kuma halatta wa 'yan kasuwa buɗe gidajen rediyo da talabijin. A 1994 Raypower ta Raymond Dokpesi ta fara aiki a Legas, ita ce rediyo mai zaman kanta ta farko a ƙasar.

An buɗe ƙofa, amma makullin yana hannun gwamnati. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, amma a cikin sashen aka ce babu mai mallakar gidan rediyo ko talabijin sai gwamnatin tarayya, ko ta jiha, ko wanda Shugaban Ƙasa ya amince masa. Dokar NBC kuma ta hana ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi. Jarida kana iya buɗe ta ba sai Shugaban Ƙasa ya sa hannu ba, rediyo kuwa sai ya sa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

SHARAƊA, DISAMBAR 2003

Ranar 1 ga Disamba 2003 Freedom Radio ta fara watsa shirye-shirye daga unguwar Sharaɗa a Kano, a kan mita 99.5, da taken Muryar Jama'a. Jagoran kafa ta shi ne Alhaji Bashir Ɗalhatu, Wazirin Dutse, lauya kuma tsohon minista. Ana lissafa ta a matsayin rediyo mai zaman kanta ta farko mallakar 'yan Arewa a wannan yanki.

A ganina abubuwa uku ne suka haɗu suka sa ta karɓu da wuri.

Na farko harshe. Ta ba Hausa babban kaso na lokacinta, kuma Hausar da ake yi a Kurmi da Kantin Kwari da majalisar mai shayi. Ko sunayen shirye-shiryenta karin magana ne da kowa ya taso da su: In Da Ranka, daga "in da ranka ka sha kallo", Kowane Gauta, daga "kowane gauta ja ne, sai in bai sha rana ba". Ga Barka da Hantsi da Duniyarmu a Yau.

Na biyu wayar salula. A 2001 aka fara GSM a Nijeriya, a 2003 kuma Glo ta shigo da tsarin cajin kira daƙiƙa-daƙiƙa, farashin layi da na kira suka fara sauka. Kafin nan, shirin kiran waya na masu wayar tarho ne a gida ko ofis, wato manyan ma'aikata da attajirai. Freedom ta zo daidai lokacin da ɗan acaɓa da mai kayan miya suka fara riƙe waya, ko aƙalla suna iya zuwa wajen mai lema su biya su kira. Wasiƙar da Baba yake jira wata guda ta koma kiran minti biyu, kuma da muryarka, duk gari na ji.

Na uku yanayin siyasar Kano. A zaɓen Afrilun 2003 Malam Ibrahim Shekarau na ANPP ya kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso na PDP. Gari ya rabu, kowa na da abin faɗa, rediyon gwamnati kuwa, kamar yadda aka saba a ko'ina, ta wanda ke kan kujera ce. Wanda ba ya cikin gwamnati ya samu inda zai yi magana.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne In Da Ranka. Shiri ne da ke ɗauko ƙorafin mutanen da ba su san kowa ba: matar da aka cinye wa gado, unguwar da ta yi watanni babu ruwa, wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. Sai wakili ya je wajen wanda ake zargi ya ce ga abin da aka faɗa, me za ka ce? A al'adar da ƙarami ba ya ɗaga ido ya kalli babba, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Har ta kai "zan kai ka Freedom" ta zama barazanar da ake jin tsoronta a Kano.

MARIS 2006

Tashar ba ta cika shekara uku ba aka gwada ta. Lokacin ana tsakiyar rigimar ta-zarce, wato yunƙurin gyara tsarin mulki don ba Shugaba Olusegun Obasanjo damar wa'adi na uku. Kano na cikin wuraren da aka fi adawa da shirin, kuma masu adawar suna ta magana a Freedom. A ƙarshen Maris 2006 NBC ta hana tashar watsa shirye-shirye daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na dare, ta dakatar da shirye-shiryenta na siyasa, ta kuma ci ta tarar Naira 200,000. Hujjar hukumar ita ce baƙi da masu kiran waya suna furta kalaman da suka saɓa wa ƙa'idar aiki.

Ku dubi sa'o'in da aka zaɓa. Daga la'asar sakaliya zuwa bayan isha'i, lokacin da ɗan kasuwa ya rufe shago, ma'aikaci ya dawo gida, majalisa ta cika. Nan ne masu sauraro suke, nan ne kuma kuɗin talla yake. Ba sai an sa wa ƙofar tasha kwaɗo ba, in aka ɗauke mata waɗannan sa'o'i biyar an gama da ita. Ƙungiyoyin kare 'yan jarida na gida da waje, ciki har da CPJ ta New York, sun yi tir da matakin, daga baya kuma aka janye shi. Ranar 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin gyaran, ta-zarce ta mutu.

Ba ina cewa Freedom ce ta kashe ta-zarce ba, abin ya fi haka faɗi. Amma hukuncin ya yi wa tashar tallar da kuɗi ba za su saya ba. Mutane suka ce, ashe dai abin da ake faɗa a nan yana yi wa manya zafi. Daga baya ta buɗe rassa a Dutse da Kaduna, ta kuma buɗe Dala FM a Kano. Wasu suka biyo sahu: Rahama, Wazobia, Express, Arewa Radio, Vision da sauransu, har Kano ta zama cikin garuruwan da suka fi yawan tashoshin FM a Nijeriya.

ƊAYA GEFEN

In na tsaya a nan na zama maroƙi, ba ɗalibin tarihi ba. Buɗe makirfo ga kowa ya zo da nasa ciwon.

Tasha mai zaman kanta kasuwanci ce. Tana sayen man janareta, tana biyan albashi, tana biyan kuɗin lasisi. Kayan da take sayarwa shi ne lokaci, kuma a Kano babu mai sayen lokaci kamar ɗan siyasa. Daga nan aka samu sana'ar da ake kira sojojin baka, mutanen da aikinsu shi ne su shiga rediyo su kare ubangidansu su yi wa abokin hamayyarsa wankin babban bargo. Wani sa'in akwai hujja a maganarsu, wani sa'in kuwa zagin iyaye ne da tonon silili. Mai sauraro a mota ba koyaushe yake bambance shirin da tasha ta shirya da wanda aka saya ba, shi ya sa gardamar motarmu ta tsaya a kan "biyansa aka yi". Haka nan tallan masu maganin da ke cewa kwalba ɗaya tana warkar da ciwo goma. Muryar jama'a ce, amma wanda ya fi kuɗi ya fi samun minti.

Misali mafi muni ya faru a 2013. Ranar 8 ga Fabrairu 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafin shan inna tara a wasu cibiyoyin lafiya biyu a Kano, Allah Ya jiƙansu. Kwanaki kaɗan kafin nan tashar Wazobia ta watsa wani shiri da ya soki yadda ake gudanar da rigakafin. 'Yan sanda suka kama ma'aikatan tashar biyu da wani malami aka gurfanar da su, NBC kuma ta dakatar da lasisin tashar. Masu kare 'yan jarida suka ce an ɗora wa shirin rediyo laifin 'yan bindiga, wasu kuma suka ce a garin da aka taɓa dakatar da rigakafin a 2003 saboda jita-jita, irin wannan magana wasa da wuta ce. Ni ba alƙali ba ne a nan. Abin da na ɗauka shi ne kusancin da ya sa ake yarda da FM shi ne kuma ya sa kuskurenta yake da tsada.

HAR YANZU BA A GAMA BA

Tambayar wa ke da ikon ladabtar da tasha tana nan da ranta. A watan Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin kuɗin sabuntawa da ya haura Naira biliyan 2, kafin ta dakatar da matakin. A watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar, ta ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tashoshi tara. A Mayun 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye, da sharaɗin baƙo ya sa hannu a kan ba zai yi zagi ko ɓatanci ba. A Agustan shekarar gwamnan Neja ya ba da umarnin rufe Badeggi FM a Minna, har Ministan Yaɗa Labarai ya fito ya ce NBC ce kaɗai ke da ikon taɓa lasisi.

Su ma manyan na waje da muka ɗauka ba sa motsi sun motsa. Gwamnatin sojan Nijar ta dakatar da RFI a 2023, ta dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. A Maris 2025 Muryar Amurka ta yi shiru bayan umarnin Shugaba Trump. Wanda ya shekara arba'in yana jin Sashen Hausa na VOA ya wayi gari babu. Wannan ya ƙara nuna mini cewa tashar da ke kusa da kai, duk da aibinta, ba abin wasa ba ce.

TO, INA RUWANMU A GADAU?

Mu ma a jihar Bauchi muna da namu. Akwai BRC ta gwamnatin jiha da tasharta ta Azare, akwai ƙananan tashoshin FM da aka kafa a wasu ƙananan hukumomi zamanin Gwamna Isa Yuguda, akwai Globe FM ta tarayya da Albarka Radio mai zaman kanta a cikin Bauchi. Kowacce tana da tarihi: wa ya fara magana a ranar farko, wane shiri mata suka fi so, me aka faɗa wa manoma lokacin ambaliya, yaya aka yi da Fulatanci da sauran harsunan yankin. Amma ku gwada neman wannan a rubuce ku gani. Ni da na zauna haɗa tarihin Freedom, abin da ya taimake ni shi ne an hukunta ta, jaridu da ƙungiyoyin waje suka rubuta. Tashar da ba a taɓa rufewa ba sau da yawa babu wanda ya rubuta komai a kanta.

Rediyo iska ce. Jarida ko ta shekara sittin kana iya samunta a Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Shirin da aka watsa jiya da daddare, in ba a naɗa ba, ya tafi. A zamanin kaset ma sau da yawa ana goge tsohon shiri a naɗi sabo a kansa saboda tsadar kaset.

Watanni biyu da suka wuce wani abokina ya kai ni wajen wani dattijo a Azare, tsohon ma'aikacin rediyo da ya yi ritaya. Muka gaisa, na ce, "Baba, an ce kana da tsofaffin kaset." Ya ce, "Ina da su, Malam, in dai gara ta rage maka." Ya sa jikansa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Gara ta cinye takardun da aka rubuta sunayen shirye-shiryen, zafi ya narkar da wasu, zaren wasu ya manne. Ya ɗauki ɗaya ya ce a nan akwai hirarsa da wani makaɗi da ya rasu tuntuni, ɗaya kuma wani tsoho ne yake ba da labarin yunwar da aka yi yana yaro. Muka sa a rediyo, ba abin da ya fito sai gunji. Cikin kwalin gaba ɗaya guda huɗu muka samu masu magana, na naɗe su a wayata. Ya ce mini, "Shekara nawa ina jiran wani daga makarantun nan ya zo ya tambaya. Kai ne na farko, ka kuma zo a makare."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Duk shekara a sassan tarihi da Hausa da aikin jarida na makarantunmu ana rubuta furojet ɗaruruwa, da yawa a kan batutuwan da aka riga aka tatse, wasu ma kwafe su ake yi daga intanet. Ga kuma tarihi a bayan gidanmu yana lalacewa a cikin kwali.

Jami'armu tana ɗauke da sunan Malam Sa'adu Zungur. A farkon shekarun 1940 shi da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna cikin wani dandalin muhawara a Bauchi, inda ake zama a tattauna al'amuran mulki a fili. Da tambayoyi suka fara zafi, har aka taɓo albashin sarki, hukuma ta rufe dandalin. Abin da aka yi wa Freedom a 2006 bai yi nisa da wannan ba. Su a ɗaki suke yi, mutum kaɗan ke ji. Da a ce suna da tasha mai kai wa kilomita hamsin fa?

Saboda haka ga roƙona, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi.

'Yan aji huɗu da ke neman batu, ku duba tashar garinku. Misau, Jama'are, Gamawa, Ningi, Haɗejia, Potiskum, duk inda ka fito. Ka nemi tsofaffin ma'aikata, ka zauna da su da wayarka, ka naɗa, ka rubuta kwanan wata da sunan wurin. Ka tambayi masu sauraro ma, musamman iyayenmu mata, don su ne rediyo ke kwana da su ta tashi da su.

Wanda ke da tsofaffin kaset a gida, na shirin rediyo ko na wa'azi ko na waƙa, don Allah kar a zubar, kar kuma a bar su a rana. A juye su zuwa waya ko kwamfuta, a ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Malamanmu kuma, Allah Ya ƙara girma, muna roƙon a karɓi irin waɗannan batutuwa, a kuma samar da wani lungu a laburare da za a riƙa ajiye sautin da ɗalibai suka naɗo. Jami'ar Legas ta samu lasisin rediyon makaranta tun 2002, BUK da ABU ma suna da nasu. Amma tun kafin a kai ga maganar eriya da lasisi, ajiye abin da aka riga aka faɗa yana hannunmu.

Ni dai na yi alƙawarin komawa wajen Baba ranar Asabar mai zuwa, ya ce akwai wani abokin aikinsa a Jama'are da yake jin yana da nasa kwalin. Wanda ke son raka ni ya yi magana, kowa dai zai biya kuɗin motarsa. Sannan ku faɗa mini a ƙasa: wane shiri ne ake kunnawa a gidanku kuna yara, a wace tasha, kuma wa ke riƙe da rediyon?

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin ma'aikatan rediyo, Ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe.